Muhawara a kan 720,720, lambar da ke rabuwa daga ɗaya har goma sha shida

Malamin lissafi (unguwar Zariya):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina so mu ɗauki lamba guda ɗaya mu zauna a kanta, mu bi halayenta a tsanake, domin na lura yaranmu sun iya tarawa da ninkawa, amma da wuya ka sami wanda aka taɓa nuna masa cewa kowace lamba tana da ginin ciki, kuma wannan ginin shi ne ke hukunta duk abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Lambar ita ce 720,720. Magana biyu nake kafawa a kanta. Ta farko, ita ce mafi ƙanƙantar lamba da za a raba gida biyu, gida uku, gida huɗu, a yi ta tafiya har gida goma sha shida, ba tare da an bar saura ko sau ɗaya ba. Ta biyu, daga ɗaya har miliyan guda babu lambar da ta fi ta yawan lambobin da ke raba ta daidai, kuma ko waɗanda suka yi kunnen doki da ita a bayanta suka zo. Duk mai ja da ɗaya daga cikin biyun ya kawo hujjarsa.

Ɗaliba (Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo):
Wa alaikumus salam, Malam. Na ɗauki biro na gwada. Gida goma sha shida ya ba da 45,045, gida goma sha uku ya ba da 55,440, gida goma sha ɗaya 65,520, gida tara 80,080, gida bakwai kuma 102,960, kuma duka sun fita cif. Rabuwa dai ta tabbata. Abin da gwaji ba zai ba ni ba shi ne cewa ita ce mafi ƙanƙanta, tunda ba mai iya bin lambobi sama da dubu ɗari bakwai yana rarraba kowace. Ta yaya aka san babu wata a ƙasa da ita da ke yin wannan aikin?

Malamin lissafi (unguwar Zariya):
Tambaya ta yi, ƴata, kuma amsar ba ta buƙatar gwada ko lamba ɗaya. Akwai lambobin tushe, wato waɗanda ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17. Kowace cikakkiyar lamba da ta wuce ɗaya, ko dai ita kanta ta tushe ce, ko kuma an same ta ne ta hanyar ninka na tushe da juna, kuma hanya ɗaya tak ce ke kai wa gare ta. Tamu ita ce 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13.

To, ki ɗauka wani ya zo da wata lamba ya ce tana rabuwa daga ɗaya har goma sha shida. Tunda tana rabuwa da 16, dole biyu ta shiga gininta aƙalla sau huɗu. Tunda tana rabuwa da 9, dole uku ta shiga sau biyu. Dole kuma a sami 5 da 7 da 11 da 13 a ciki, domin ba wadda za ta tsaya wa wata a cikinsu. Idan kika ninka 16 da 9 da 5 kin sami 720, idan kika ninka 7 da 11 da 13 kin sami 1,001, sannan 720 sau 1,001 shi ne 720,720. Ke nan duk lambar da za ta cika sharaɗin sai ta ɗauki wannan kayan gaba ɗaya, kuma wadda ta ɗauke shi ba ta ƙara komai a kai ba ita ce ƙaramarsu. Sauran kuwa, irin su 6 da 10 da 12 da 14 da 15, ba su zo da sabuwar buƙata ba, tunda abin da suke nema yana cikin kayan tun farko. Rabinta, 360,360, yana rabuwa har goma sha biyar, amma ya tsaya a goma sha shida saboda biyu sau uku kawai ta shiga cikinsa.

Baba, tsohon ma'aikaci (Mokoyo):
Malam, na bi bayaninka kuma ban ga inda ya karkace ba. Sai dai ni abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne siffar lambar, ɗari bakwai da ashirin sau biyu a jere, gaba da baya iri ɗaya. Rabin nata ma da ka ambata haka yake, ɗari uku da sittin sau biyu. Ina ganin wannan maimaici ba banza ba ne, kuma ba mamaki shi ne asalin yalwar da take da ita. Mu da muka taso muna ganin malamai na zana hatimi mun saba da cewa tsarin da ido ke gani a lamba yana nuna wani abu da ke ɓoye a cikinta.

Malamin lissafi (unguwar Zariya):
Ranka ya daɗe, Baba, maimaicin yana nuna wani abu, gaskiyarka, amma abin da yake nunawa ɗan kaɗan ne kuma ana iya auna shi. Duk lamba mai alƙalami uku da aka rubuta sau biyu a jere, ninka ta aka yi da 1,001, domin sau dubu yana tura ta gaba wuri uku, sau ɗaya kuma yana maido da ita a baya. Saboda haka kowace irin wannan lamba tana rabuwa da 7 da 11 da 13, kuma iyakar abin da siffar ke tabbatarwa ke nan. Mu ɗauki 227, lambar da ake fara bugawa idan za a kira Nijar daga waje. 227,227 ita ma gaba da bayanta iri ɗaya ne, amma da yake 227 lambar tushe ce, masu raba ta goma sha shida ne kacal, ba ta ma rabuwa gida biyu. A ɗaya ɓangaren kuma ga 665,280, wadda ba ta da wani kyan gani a ido, amma masu raba ta 224 ne. Yalwar tamu ta fito ne daga haɗuwar 720 da 1,001, waɗanda ba su yi tarayya a ko tushe ɗaya ba, kowanne ya kawo abin da ɗayan ba shi da shi.

Ba na raina ilimin hatimi ta fuskar lissafinsa. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake tsara hatimi mai gidaje mara, wato wanda yawan gidajen kowane layinsa ba ya rabuwa biyu, kuma ƙa'idojin da ya bayar na lissafi ne da kowa zai iya bi ya tabbatar. Irin wannan tabbatarwar nake nema a nan.

Mai gyaran waya (Sabon Gari):
Baba, a yi mini izini in ƙara abu ɗaya daga ɓangaren aikinmu. Maimaicin ya dogara ne da yadda muke ƙirga goma-goma. Kwamfuta da waya biyu-biyu suke ƙirga, da sifili da ɗaya kawai, kuma a wajensu wannan lambar ita ce 10101111111101010000, alƙalami ashirin, babu wani gaba da baya da suka yi kama. Abin da ya rage ana gani shi ne sifili huɗu a ƙarshe, waɗanda ke faɗin cewa biyu ta shiga ginin sau huɗu. Siffa ta sauya da aka sauya hanyar rubutu, amma lambar tana nan tana rabuwa da 7 da 9 da 13 kamar yadda take.

Baba, tsohon ma'aikaci (Mokoyo):
Na gamsu da wannan, Allah ya yi muku albarka. Amma 1,001 ɗin nan ba a rabu da ita ba tukuna. Idan har ita ce ke ɗauke da 7 da 11 da 13, ashe ba za ta taimaka wajen gane ko wata lamba tana rabuwa da su ba?

Ɗaliba (Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo):
Tana taimakawa sosai, Baba. Idan lamba mai alƙalami shida ce, a raba ta uku-uku a cire ƙaramin ɓangare daga babba. Duk wadda ta raba abin da ya fito a cikin 7, 11 da 13, to tana raba lambar asali. Misali 942,480: a cire 480 daga 942, saura 462. Wannan yana rabuwa da 7 da 11, ba ya rabuwa da 13, kuma haka ita ma babbar take.

Bari in gwada magana ta biyu ta Malam, a gyara mini idan na kauce. Duk lambar da ke raba 720,720 daga cikin kayan nan goma ake haɗa ta. Wajen biyu ina da zaɓi biyar: in bar ta, ko in ɗauka sau ɗaya, sau biyu, sau uku ko sau huɗu. Wajen uku zaɓi uku ne. Wajen 5 da 7 da 11 da 13 kuwa zaɓi biyu-biyu ne, ko in ɗauka ko in bari. Da yake kowane zaɓi zaman kansa yake yi, sai a ninka su: 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2, wato 240. Masu raba ta 240 ne, idan an haɗa da ɗaya da ita kanta. Suna tafiya ne biyu-biyu, ƙarami da babba, 1 da 720,720, 2 da 360,360, har a iso tsakiya inda 840 da 858 suka tsaya kusa da juna.

Alhaji (babbar kasuwa):
Malam da ƴata, lissafinku a takarda ba shi da aibu, amma ni da kuɗi nake aunawa, kuma a nan na sami tangarɗa. Sefa 720,720 a bakin kasuwa, inda jika sefa dubu ce, dala sefa biyar, tamma kuma sefa ɗaya, jika ɗari bakwai da ashirin ne da dala ɗari da arba'in da huɗu. Idan mutum goma sha shida suka yi tarayya a cikinsu, kowa zai tashi da 45,045, wato jika arba'in da biyar da dala tara, wannan ana iya ƙirga shi a miƙa hannu da hannu. Idan goma sha uku ne, kowa 55,440, shi ma lafiya lau. Amma a ce mutum goma sha biyar ne, rabon kowa 48,048. Na jera takardu, na jera ƙarfe har dala tara a kan jika arba'in da takwas, sai tamma uku ta rage a kan kowane mutum, kuma ba wanda ke yawo da tamma a aljihu yau. Haka abin yake ga mutum biyar da mutum goma. To lambar da aka ce tana rabuwa har goma sha shida, ga ta ta ƙi rabuwa a kan tebur.

Malamin lissafi (unguwar Zariya):
Alhaji, abin da ka gano daidai ne, kuma ginin lambar ya riga ya faɗe shi. Da ka koma ƙirgen dala, ka raba lambar da biyar ke nan, ka koma 144,144. Biyar guda ɗaya ce tak a cikin ginin, kuma ita ce dala ta cinye. Da ta fita, duk masu rabawa da ke buƙatarta sun fita tare da ita, daga 240 aka dawo 120, rabi cif. Idan kana son kuɗin da zai rabu a hannu daga mutum ɗaya har goma sha shida, sai dala ta zama 720,720, wato sefa 3,603,600, inda biyar ta shiga sau biyu, ɗaya ta dala, ɗaya ta rabo. Abin sha'awa shi ne ita ma wannan ta zarce duk na ƙasa da ita, da masu rabawa 360.

Malamin zaure (Tibiri):
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, kuma ina da ja ta wata fuska, domin mu masu rabon gado da irin wannan lissafin muke kwana muke tashi. Rabon da Alƙur'ani ya ƙayyade shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Daga nan malaman fara'ili suka fitar da asalin mas'ala, wato yawan gidajen da ake kasa dukiya kafin a ba kowa rabonsa, guda bakwai: 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Duka waɗannan suna raba lambar Malam. Sai dai akwai auli, inda rabon magada ke haura asalin, sai a ɗaga asalin kowa ya ɗauki ragi gwargwadon rabonsa, kamar yadda aka yi tun zamanin Sayyidina Umar. Shida tana hawa zuwa 7, 8, 9 da 10. Goma sha biyu tana hawa zuwa 13, 15 da 17. Ashirin da huɗu tana hawa zuwa 27.

A nan lambar ta gaza a wuri biyu. Mutum ya rasu ya bar mata, da uwa, da ƴan'uwa mata shaƙiƙai biyu, da li'ummai biyu, wato ƴan'uwan da suka haɗa uwa kaɗai da shi: mata 3, uwa 2, shaƙiƙai 8, li'ummai 4, jimla 17. Idan aka raba 720,720 gida 17 sai 5 ta rage. Ga kuma mas'alar da ake kira Mimbariyya, wadda ake danganta amsarta ga Sayyidina Ali: mata, da ƴaƴa mata biyu, da uwa da uba. Mata 3, ƴaƴa 16, iyaye 4 kowanne, jimla 27, sumunin mata ya koma ɗaya bisa tara. Rabon matar zai fita daidai, 80,080, amma na uba zai zama 106,773 da sulusin tamma, tunda gida 27 yana barin saura 9. Saboda haka ban yarda a kira ta lambar da ta fi kowace iya rabuwa ba, sai an faɗi rabon da ake nufi.

Ɗaliba (Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo):
Allah gafarta Malam, wannan ja mai ƙarfi ne, kuma hanyar da aka bi ɗazu za ta ba mu lambar da ta dace da tambayarka. Mafi yawan biyu da ake buƙata yana cikin 8 da 24, sau uku. Mafi yawan uku yana cikin 27, sau uku. Sai 5, sai 7, sai 13, sai 17. Idan aka ninka 8 × 27 × 5 × 7 × 13 × 17 za a sami 1,670,760, kuma ita ce mafi ƙanƙantar lambar da kowane asali da kowane auli ke rabawa. Gida 27 ya ba da 61,880, gida 17 ya ba da 98,280. Abin da na lura da shi shi ne 11 ba ta shigo ba sam, domin babu mas'alar da ke hawa zuwa goma sha ɗaya. Masu raba ta 4 × 4 × 2 × 2 × 2 × 2 ne, wato 256, sun fi na lambar Malam, sai dai ta haura miliyan, don haka ba ta rushe maganarsa ba.

Malamin zaure (Tibiri):
Madalla, ƴata, Allah ya ƙara basira. Ko malaman da suka ƙara 18 da 36 a cikin asali saboda mas'alolin kaka da ƴan'uwa, lambarki ta ɗauke su. Abu ɗaya zan tunatar: bayan asali da auli akwai gyaran mas'ala, idan rabon wani rukuni bai rabu a kan kawunansu ba. Mamaci ya bar ƴaƴa maza goma sha ɗaya, sai 11 ta dawo da ƙarfinta, wani ya bar goma sha tara, sai 19 ta shigo. Shi ya sa mai rabon gado ba ya haddace lamba ɗaya, hanyar yake koya. Ba banza ba ne Alkawarizmi, da ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya ba mas'alolin wasiyya da gado kaso mai yawa a cikinsa.

Malamin lissafi (unguwar Zariya):
Allah gafarta Malam, na karɓi sharaɗinka, dole a faɗi ma'aunin. Ma'aunin da nake nufi shi ne na lambobi masu zarra, wato lambar da masu raba ta suka fi na kowace lamba da ke ƙasa da ita yawa. Jerin yana farawa da 1, 2, 4, 6, 12, 24, 36, 48, 60, 120, ya bi ta kan 360 da 2,520 da 5,040 da 55,440, kuma 720,720 ce ta talatin da takwas. Srinivasa Ramanujan ɗan Indiya ya yi dogon nazari a kansu wanda aka buga a Ingila a 1915. Sharaɗin gininsu mai sauƙin fahimta ne: tushen su bi juna daga 2 ba tsallake, kuma kada babban tushe ya fi ƙarami yawan shiga. Dalili shi ne idan aka tsallake wani tushe, ana iya cire babban a sa wanda aka tsallake, lamba ta ragu, yawan masu rabawa bai taɓu ba. Lambar gado ta tsallake 11. A cire 17 a sa 11, sai a sami 1,081,080, mai masu rabawa 256 ita ma, kuma ita ce ke bin 720,720 a jerin. A ƙasa da miliyan kuwa huɗu ne suka kai 240 bayan tamu: 831,600, 942,480, 982,800 da 997,920.

Akwai ma'auni na biyu da ya girmi wannan nesa ba kusa ba. Nikomakus na Jarash, wajen shekara ta 100, ya kasa lambobi gida uku ta hanyar tara masu raba su ban da su kansu. Idan jimlar ta yi daidai da lambar, cikakkiya ce, kamar 6 da 28 da 496 da 8,128. Idan ta gaza, tauyayya ce, kamar 8 da kowace lambar tushe. Idan ta haura, mai rara ce, kamar 12. Ba sai mun tara lambobi 240 da hannu ba. A tara abin da kowane tushe ke bayarwa: 1 + 2 + 4 + 8 + 16 shi ne 31, 1 + 3 + 9 shi ne 13, sauran kuma 6, 8, 12 da 14. A ninka su duka, a sami 3,249,792. A cire lambar kanta, saura 2,529,072, fiye da ninkinta uku da rabi. Mai rara ce ƙwarai, kuma ko da aka zare biyu gaba ɗaya, 45,045 da ta rage mai rara ce, alhali lambobin mara masu rara ba su da yawa, ta farkonsu ma sai an kai 945.

Mai gyaran waya (Sabon Gari):
Malam, ni na bi ta ɓangaren murabba'i, wato abin da ke fitowa idan aka ninka lamba da kanta. Ba murabba'in kowace lamba ba ce, domin 848 sau 848 shi ne 719,104, 849 sau 849 kuma 720,801, ta faɗa tsakani. Na nemi murabba'i biyu da za a tara su ba da ita, na sa kwamfuta ta bi duka, ba ta samu ba. Da uku kuwa ta fito nan take: murabba'in 848 da na 40 da na 4, wato 719,104 da 1,600 da 16. Me ya hana biyu?

Malamin lissafi (unguwar Zariya):
7 da 11 ne suka hana, ɗana. Dukansu idan aka raba su da huɗu suna barin 3, kuma tun aikin Fermat da Euler aka san cewa irin wannan tushen, idan ya raba jimlar murabba'i biyu, to sai ya raba kowanne daga cikinsu, wanda ke nufin dole shigarsa cikin jimlar ta zama bibbiyu. A lambarmu sau ɗaya kowannensu ya shiga, don haka ƙofar a rufe take. Tushen da suka ba ta yalwa a wajen rabo su ne suka hana ta wannan. Wani abin da ginin ke faɗa shi ne masu raba ta na mara 48 ne, saboda haka hanya 47 ce ake rubuta ta a matsayin jimlar lambobi masu bin juna, daga gajeriya, 240,239 + 240,240 + 240,241, har mafi tsawo, wadda ta tashi daga 47 ta tsaya a 1,201. Kuma daga 720,722 har 720,736, lambobi goma sha biyar a jere, ba a samun ta tushe ko ɗaya, tunda duk abin da aka ƙara mata daga 2 zuwa 16 yana raba jimlar.

Alhaji (babbar kasuwa):
Malam, maganar dala da ta gado na ga amfaninsu da idona. Amma wannan tara masu rabawa, a ce wata mai rara ce wata tauyayya, ina yake kai mutum? Da gaske nake tambaya, domin ina da yara a lise, kuma ina so in san abin da zan ce musu idan suka tambaye ni.

Malamin lissafi (unguwar Zariya):
Alhaji, yana kai wa ga ɗaya daga cikin manyan tambayoyin lissafi da har yau ba a warware ba. A raba jimlar masu rabawa da lambar kanta. Tamu ta ba da 3,249,792 bisa 720,720, kimanin 4.509, kuma babu lambar da ke ƙasa da ita da ta kai haka. 665,280 ma a 4.398 ta tsaya. Masana lissafi Alaoglu da Erdős sun yi nazarin lambobin da ke zarra ta wannan fuskar a 1944. Jerinsu ba ɗaya ba ne da na farko, ko da yake sun yi tarayya a da yawa: 7,560 ta fi 5,040 yawan masu rabawa, 64 a kan 60, amma a wannan awon 3.810 take, 5,040 kuwa 3.838. Tamu tana cikin jerin biyu.

A 1859 Bernhard Riemann na Jamus ya kawo wani hasashe da ya shafi yadda lambobin tushe ke warwatse a cikin sauran lambobi, kuma a shekara ta 2000 cibiyar Clay ta Amurka ta sa dalar Amurka miliyan ɗaya ga wanda ya warware shi. A 1984 Guy Robin na Faransa ya tabbatar cewa hasashen daidai yake da wata magana a kan wannan awon namu: ga kowace lamba da ta wuce 5,040, awon ba zai kai wata iyaka ba, wadda ake samu idan aka ɗauki logaritim na lambar (wanda ake rubutawa ln a na'urar lissafi), aka sake ɗaukar logaritim na abin da ya fito, sannan aka ninka da kimanin 1.781. Idan aka sami lamba ɗaya tak da ta kai iyakar, hasashen ya faɗi, kuma an nuna cewa ta farko da za ta yi hakan, in akwai ta, dole ta fito daga jerin da 720,720 ke ciki. Ka gaya wa yara cewa tambayar ana iya faɗinta da tarawa da rabawa irin na aji, amma amsarta ta gagari masana fiye da shekara ɗari da sittin.

Ɗaliba (Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo):
Na lissafa, Malam. Logaritim na 720,720 kimanin 13.488 ne, nasa kuma 2.602, idan aka ninka da 1.781 iyakar ta zama 4.634. Awonta 4.509 ne, tana ƙasa da iyakar da kimanin 0.125. Na gwada 5,040 ma don in ga dalilin da ya sa aka fara daga bayanta: iyakarta 3.817 ce, awonta 3.838, ita ta haura. Yanzu zan bi 1,441,440 da 4,324,320 in ga ko tazarar raguwa take yi ko ƙaruwa, in kawo sakamakon nan.